Shari'a a Zauren Majalisa: Wa Ya Rubuta, Yaushe, Don Me?

Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin jefewa da Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu bisa laifin zina a watan Oktoban 2001. Labarin ya karaɗe duniya, kowa da irin fassararsa. Wasu suka ce matsin lambar Turawa ne ya yi aiki, wasu suka ce gwamnati ce ta ji tsoro. Amma wanda ya zauna ya karanta hukuncin da kansa zai tarar da wata hujja a cikin hujjojin alƙalan wadda hayaniyar gidajen rediyo ta danne, wato kwanan wata. Dokar hukunta laifuffuka ta Shari'a ta jihar ta fara aiki ne a watan Janairun 2001, cikin da aka kama matar da shi kuwa ya riga wannan lokaci samuwa. Alƙalan, waɗanda malamai ne masu karatun Risala da Muhtasar, suka duba ranar da gwamna ya sa hannu, suka ce dokar ba ta komawa baya ta kama abin da ya riga ta.

Akwai masu son addini da wannan hujja ta tsaya wa a rai, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Haramcin zina bai fara a 2001 ba. Ta yaya hukuncin Allah zai jira sa hannun gwamna? In ko har ya jira, to mene ne wannan littafi da majalisar dokokin jiha ta yi wa karatu na ɗaya da na biyu da na uku, Shari'ar Allah ce ko dokar mutane? Amsar da mutum ya ba wannan tambaya ita za ta nuna ko yana ganin halas ne a tone tarihin irin wannan doka, a tambayi wa ya rubuta ta, me aka cire daga daftarinta na farko, wa ya yi gardama a zauren majalisa, ko kuwa yana ganin yin haka rashin ladabi ne ga addini.

Dalilin da ya sa aka rubuta dokokin tun farko yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 36(12) ya hana a kama kowa da laifi sai idan an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka, ta tarayya ko ta jiha. Sashe na 36(8) kuma ya hana a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Ƙa'idar ta girmi kundin. Tun a 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi a tsohuwar Jihar Yamma, babbar kotu ta soke tarar da kotun gargajiya ta ci wata matar aure saboda zina, domin babu rubutacciyar dokar da ta mai da zina laifi a can.

A Arewa, kafin 1960, alƙali yana buɗe Tuhfatul Hukkam ko Muhtasar na Halil ne ya yanke hukunci, cikin iyakokin da Turawa suka gindaya. Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke tafiyar da shari'a, sannan a 1958 ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da 'yan ƙasa irin su Shettima Kashim. Daga shawarar wannan kwamiti aka samu dokar Final Kod, wadda majalisar Kaduna ta zartar a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An gina ta a kan dokar Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo asali daga dokar Indiya ta 1860. Duk da haka an saka mata abubuwan da ke nuna inda za ta yi aiki, kamar hukunta Musulmin da ya sha giya da kuma bulalar haddi. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka Final Kod ta faɗo ne daga Ingila kai tsaye, alhali sulhu ce da aka ƙulla da sanin sarakuna da manyan alƙalai, a lokacin da ƙananan ƙabilu ke bayyana tsoronsu a gaban hukumar Willink mai sauraron koke-kokensu.

Shekara arba'in bayan haka Zamfara ta buɗe sabon babi. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, dokar hukunta laifuffuka ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, sannan jihohi 11 suka biyo baya. Jama'a na matsa wa gwamnoni, gwamnoni na matsa wa kwamitoci, kwamitoci na aiki da gaggawa. Mafi yawan masu rubutun suka ɗauki gangar jikin tsohuwar Final Kod suka shigar mata da babin haddi da ƙisasi da diyya bisa mazhabar Malikiyya. Masanin nan na ƙasar Holan, Rudolph Peters, wanda ya nazarci dokokin tun suna sababbi, ya nuna kurakuran rubutu da giɓin da gaggawar ta bari.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda jihohin suka bambanta, alhali duk mazhaba ɗaya suke bi. Jihar Neja ba ta rubuta sabon kundi ba a wancan lokaci, sai ta ƙara sashe guda, na 68A, a cikin tsohuwar Final Kod. Kano ta saka yanke hannu ga ma'aikacin da ya wawure dukiyar gwamnati ko ta banki, alhali jumhurun malamai sun bambanta sata da ha'inci, ba sa yanke hannun wanda ya ci amanar abin da aka damƙa masa. Zamfara ta saka wani sashe mai cewa duk abin da Alƙur'ani da Sunna da ijtihadin Malikiyya suka mai da laifi, laifi ne ko da kundin bai ambace shi ba, abin da lauyoyi suka ce ya yi karo da sashe na 36(12). Babu jihar da ta saka hukuncin ridda a kundinta, duk da yana cikin littattafan fiƙihu. Bambancin ya kai ga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta shirya daidaitaccen kundi guda don jihohin su ɗauka, Zamfara ta karɓe shi a 2005 ta maye gurbin nata na farko.

Wahayi ba ya canzawa daga Gusau zuwa Minna, ba kuma a maye gurbinsa bayan shekara biyar. Abin da ke canzawa haka aikin mutane ne: sun zaɓi ƙauli guda daga cikin ƙauloli, sun bar wani abu saboda tsarin mulki, sun ƙara wani saboda fushin jama'a a kan ɓarayin biro. Dokar jiha, ko da sunanta Shari'a, ijtihadi ce da hukuma ta ɗaure da ikonta. Biyayya gare ta na da tushe a addini, ta fuskar biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓo ba, amma wannan bai mai da ita ma'asumiya ba.

Magabata sun hango wannan matsala tun da wuri. A farkon daular Abbasiyawa, marubucin fada Ibnul Muƙaffa ya ba Halifa Mansur shawarar ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai masu karo da juna, ya zaɓi guda, ya mai da shi dokar daula. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa halifa ya nemi ya tilasta wa dukkan garuruwa bin Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, amma shi da kansa ya hana, yana mai cewa Sahabbai sun watsu a ƙasashe, kowace al'umma ta riƙe abin da ya iso mata. Mutumin da jihohin Arewa ke dangana dokokinsu gare shi ya ƙi yarda a mai da littafinsa kundin gwamnati. Sai a ƙarni na 19 Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi abin da aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi, ta fitar da Majalla tsakanin 1869 da 1876, mai ɗauke da sassa 1,851 na hukunce-hukuncen ciniki da mu'amala bisa mazhabar Hanafiyya. Zamani ya tilasta rubuta doka sashe-sashe, kuma akwai alheri a ciki, domin talaka na iya sanin abin da ke jiransa kafin ya shiga kotu. Amma tsoron Malik yana nan: da zarar an buga wa ƙauli hatimin gwamnati, mutane kan manta cewa zaɓo shi aka yi.

Maganin wannan mantuwa shi ne bin diddigi, kuma Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Akwai fanni sukutum na sanin sababin saukar ayoyi, wanda Wahidi ya yi wa littafi a ƙarni na 5 na Hijira, Suyuɗi kuma ya faɗaɗa shi, shi Suyuɗin nan da ya taɓa rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Urwatu ɗan Zubairu ya karanta ayar Safa da Marwa a Suratul Baƙara, ya fahimci cewa tunda ta ɗauke laifi ne kawai daga mai yin sa'ayi, to wanda ya bari ma ba shi da laifi. Ƙanwar mahaifiyarsa, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta gyara masa da tarihi. Ta gaya masa cewa mutanen Madina kafin Musulunci suna ɗaura harama ne don gunkin Manata, suna kuma jin ƙyamar kewaya tsakanin duwatsun biyu, ayar ta sauka ne don ta cire musu wannan ƙyama. Lafazin bai canza ba, amma sanin abin da ya jawo shi ya juya fahimtar gaba ɗaya. Haka Ƙudamatu ɗan Maz'un, wanda ya halarci Badar kuma ya yi wa Sayyidina Umar gwamna a Bahrain, ya kafa hujja da wata aya ta Suratul Ma'ida cewa babu laifi ga mumini mai taƙawa a abin da ya ci ko ya sha. Aka nuna masa cewa ayar uzuri ce ga waɗanda suka rasu kafin a haramta giya, aka kuma tsayar masa da haddi.

Idan maganar Allah, wadda babu kuskure a cikinta, malamai sun ga wajibi ne a san yaushe ta sauka, a kan me, wace ce ta riga wata, to dokar da 'yan majalisa suka rubuta cikin 'yan makonni ta fi buƙatar wannan bincike nesa ba kusa ba.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, domin akwai masu adawa da dogaro da tarihin doka, kuma hujjarsu na da nauyi. Kotunan Ingila sun shafe fiye da shekara 200 suna hana lauya ya karanto musu abin da aka faɗa a majalisa. Ba a sassauta ba sai a 1992, a shari'ar Pepper da Hart. Malaman makarantar Malvern ne ke biyan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin makaranta ga 'ya'yansu, hukumar haraji ta ce a lissafa musu rangwamen a kan cikakken kuɗin da makarantar ke kashewa kowane ɗalibi. Da aka buɗe Hansad, kundin muhawarar majalisa, sai ga ministan da ke kare dokar kuɗi ta 1976 a majalisa ya faɗa ƙarara cewa ɗan kuɗin da ya ƙaru wa makaranta saboda 'ya'yansu kawai za a lissafa wa irin waɗannan malamai. Alƙalai shida cikin bakwai suka yarda a duba kundin, amma da sharuɗɗa: sai lafazin dokar ya zama mai harshen damo ko yana kai wa ga abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma sai maganar ta fito daga bakin mai gabatar da ƙudurin, a sarari.

A Amurka, Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli daga 1986 zuwa 2016, ya yi shekarunsa yana yaƙar wannan hanya. A ganinsa majalisa ba mutum ɗaya ba ce balle ta kasance da niyya ɗaya. Wani ya jefa ƙuri'a don ya gamsu, wani don jam'iyya, wani bai ma karanta ba. Abin da suka haɗu a kai kuma shugaba ya sa wa hannu shi ne lafazin, shi kaɗai ne doka. Yakan ari misalin wani alƙali, Harold Leventhal, cewa mai tono a tarihin doka kamar wanda ya shiga taron biki ne ya leƙa ta saman kawunan jama'a yana neman abokansa: abin da yake so shi zai gani. Hukuncin da Scalia ya fi suka shi ne na cocin Holy Trinity na 1892. Wata doka ta 1885 ta hana shigo da baƙo Amurka bisa kwangilar kowane irin aiki, cocin da ke New York ya ɗauko limami daga Ingila, aka ci shi tarar dala 1,000. Kotun Ƙoli ta duba rahoton kwamitin majalisa, ta ga leburori masu arha ake nufi, ta soke tarar, duk da ta amince cewa lafazin ya haɗa da limamin.

Ɗalibin usulul fiƙihi zai gane wannan gardama tun kafin a gama ba shi labari. Dawud Az-Zahiri da Ibn Hazmin Andalus sun tsaya a kan zahirin nassi, suna tsoron kada neman dalilin hukunci ya zama ƙofar son zuciya. Shaɗibi, Bamalike daga Garnaɗa, ya gina Muwafaƙat a kan cewa hukunce-hukunce na da manufofi, kare addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya, wanda bai san su ba bai san Shari'a ba. Jumhuru kuma, duk da kulawarsu da sababin sauka, sun kafa ƙa'idar cewa gamammen lafazi ake bi, ba a tsare hukunci a kan mutumin da aya ta sauka dominsa. Tushen gardamar ma ya kai zamanin Sahabbai. Bayan yaƙin Ahzab Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su kada kowa ya yi sallar La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya, wasu suka yi salla suna cewa gaggawa ake nufi, wasu suka jinkirta suna riƙe da lafazi, kuma bai zargi kowane ɓangare ba.

To ina gaskiya ta fi karkata? Scalia ya yi daidai a abu guda: bai kamata a ɗaure mutum da abin da ke cikin zuciyar ɗan majalisa ba. Talaka lafazin da aka buga ya gani, in ma ya gani, da shi kaɗai za a iya kama shi. Saboda haka tarihin doka ba shi da hurumin faɗaɗa laifi, alƙali ya ce ai majalisa ta so ta haɗa da kaza ko da ba ta rubuta ba. Amma inda tarihi zai taƙaita hukunci, ya nuna cewa ba wannan mutum ake nufi ba, ko dokar ba ta fara aiki ba, ko ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, rufe ido daga gare shi zalunci ne. Wannan rashin daidaito tsakanin faɗaɗawa da taƙaitawa shi ne ruhin ƙa'idar da kowane alƙali ya haddace, cewa shubuha na tunkuɗe haddi, kuma kuskure wajen yafewa ya fi kuskure wajen azabtarwa sauƙi. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarayi ba a shekarar yunwa, ba don ayar sata ta goge ba, sai don ya san wanda ayar take nufi.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna wani ɓangaren na wannan. Kotun Bakori ta yanke mata jefewa a Maris 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta, sannan ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Cikin hujjojin akwai ta dokar jiha tsantsa: alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar da ta kafa kotunan ta ce ya zauna da mutum biyu. Akwai kuma wadda ba a rubuta a kundin ba sam, wato kwantaccen ciki, ƙaulin Malikiyya cewa ciki na iya kwanciya har shekara biyar, don haka ana iya danganta ɗan bazawara ga tsohon mijinta. Alƙalan sun tsallaka bayan kundin suka koma littattafan da aka ciro shi daga ciki. Ga irin waɗannan dokoki, tarihi hawa biyu ne, akwai na majalisa akwai na fiƙihu, mai bincike kuma sai ya iya duka biyun.

A nan ne wahalar take. Wanda ke son sanin tarihin wata dokar jiha yana buƙatar Gazet ɗin da aka buga ta, da duk gyare-gyaren da suka biyo baya, da daftarin da gwamna ko ɗan majalisa ya gabatar, da rahoton kwamiti, da takardun da jama'a suka miƙa a zaman jin ra'ayi, da kundin muhawara. Muhawarar tsohuwar majalisar Arewa ta shekarun 1950 an buga ta littafi-littafi, mai nema zai nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House. Abin takaici, na jiya-jiya sun fi na zamanin Sardauna wuyar samu. Da Philip Ostien, malamin shari'a a Jami'ar Jos, da abokan aikinsa 'yan Najeriya suka so tattara takardun aiwatar da Shari'a na 1999 zuwa 2006, sai da suka bi jihohi 12 ɗaya bayan ɗaya, ofis-ofis, suna karɓo dokoki da rahotannin kwamitoci da bayanan zaman kotu. Aikin ya fito a 2007 cikin mujalladi biyar daga kamfanin Spectrum na Ibadan, na biyar ɗin kacokan a kan shari'o'in Safiya da Amina ne, an fassaro su daga Hausa. Aiki ne da ya cancanci yabo, amma majalisun da suka yi dokokin su ne ya kamata su fara yin sa.

Ga kuma matsalar harshe. Dokokin da Turanci ake rubuta su, madogararsu da Larabci take, wanda ake tuhuma kuwa galibi Hausa ko Fulatanci ko Barbarci yake ji. Sashe na 97 na tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar gudanar da aikinta da harshen da ake yi a jihar bayan Turanci, idan ta zartar da haka. Suratul Isra'i ta bayyana cewa Allah ba Ya azabtarwa sai Ya aiko manzo, Suratu Ibrahim kuma ta nuna kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. Hukumar da ke hukunci da sunan wannan addini ba ta da uzurin barin dokarta a harshen da mai laifin ba ya ji, cikin Gazet ɗin da ko lauya sai ya sha yawo kafin ya samu.

Ƙudurin da ke gaban majalisa ya fi dokar da aka riga aka zartar buƙatar ido, domin a lokacin ne gyara ke da sauƙi. Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, majalisa kuma na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, amma babu abin da ya hana a gama komai cikin kwana biyu ko uku. Kano ta ga haka. A watan Mayun 2019 aka zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, gwamna ya sa hannu ranar 8 ga wata. A watan Nuwamba Mai Shari'a Usman Na'abba ya rushe ta saboda ba a bi ƙa'idar gabatar da ƙuduri ba, aka sake yin ta a Disamba. Ranar 23 ga Mayu, 2024, wata majalisar ta soke dokar, gwamna ya sa hannu a ranar. Ko mutum yana wane ɓangare a rikicin sarautar, zai yarda cewa al'amarin da ya shafi miliyoyin mutane an yi shi an warware shi ba tare da jama'a sun sami sukunin karanta takardar ba. Alƙur'ani ya siffanta muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, shawara kuwa ba ta yiwuwa a kan takardar da ba a gani ba.

Akasin gaggawa ma na faruwa. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya sanar da cewa malamai da masana shari'a na shirya daftarin dokar iyali. Gari ya ɗauka, amma kusan duk muhawarar ta tattara a kan magana ɗaya, ta hana marar hali ƙara aure, alhali daftarin ya taɓo saki da ciyarwa da riƙon yara da dukan mata. Aka yi ta wa'azi da raddi a kan kanun labarai. Malamin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya san isnadinsa bai kamata ya yi fatawa a kan ƙudurin da ya ji a bakin wani ba.

Hanyar neman takardun a buɗe take. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Saura masu nema. Majalisun dokokin jihohi su riƙa sanya kowane ƙuduri a intanet tun daga karatun farko, da Turanci da harshen mutanen jihar, su buga kundin muhawararsu da rahotannin kwamitoci, su tanadi ɗakin karatu da kowa zai iya shiga. Majalisun malamai da ƙungiyoyin addini su keɓe mutanen da aikinsu shi ne bin ƙudurori, su halarci zaman jin ra'ayi da rubutacciyar matsaya maimakon jiran a sa hannu sannan a hau mumbari. Sassan koyar da shari'a na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri kuma su tura ɗalibansu su tattaro abin da ya rage na takardun 1999 zuwa 2001, su ɗauki bayanin waɗanda suka zauna a kwamitocin, tun da sauran masu rai a cikinsu.